Dashen Gashi: Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanan baya na halarci ɗaurin auren wani ɗan'uwa a nan Kano, inda na haɗu da wani abokina na ƙuruciya wanda ya daɗe yana kasuwancin tufafi a Ikko. Bayan an shafa fatiha muka koma zaure, zafi ya dame shi, ya tuɓe hula. Abin da na gani shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Goshinsa cike yake da gashi baƙi ƙirin, ƙeya ma haka, amma tsakiyar kai fili ne fetal sai ka ce masussuka. Da ya ga ina kallo sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, kuɗin fili guda na zuba a kan nan, ga abin da na samu."

Ashe shekaru huɗu da suka wuce, sa'ad da ya je sarin kaya Istanbul ta ƙasar Turkiyya, ya biya wani asibiti aka yi masa dashen gashi. Da za a sallame shi an ba shi magani na 'yan watanni, aka ce ya ci gaba da saye. Shi kuwa da ya ga gashi ya fito ya yi kyau, sai ya ɗauka magana ta ƙare, ya watsar. Gashin da aka dasa yana nan daram, amma nasa na asali da ke bayan dashen ya ci gaba da zubewa.

To, da yake na san da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal suna ganin tallan wannan aiki a wayoyinsu, wasu ma har sun fara tarin kuɗi, na ga ya wajaba mu faɗa wa juna gaskiya. Ra'ayina shi ne, duk wanda bai shirya riƙon magani shekara da shekaru ba, to, kada ya soma kai kansa a dasa masa gashi.

Dalili kuwa shi ne, sanƙo irin na maza gado ne, ana ɗaukarsa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Akwai wani sinadari a jikin namiji da likitoci ke kira DHT, wanda a wurin mai gadon sanƙo yake tsuke saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai sannu a hankali, gashin ya riƙa sirancewa har ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa kuwa galibi ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga dattijo mai sanƙo ƙwal amma ƙeyarsa cike. Wani likitan fata a birnin Niyok na Amurka, Norman Orentreich, ya bayyana a 1959 cewa idan aka ciro gashin ƙeya aka dasa shi a goshi, yana tafiya da halinsa na asali. A kan wannan ne aka gina sana'ar dashen gashi duka.

Watau dai dashe ƙaura ce ake yi wa gashi daga wani wuri zuwa wani, kamar yadda manomi ke cire irin tumatir daga gado ya kai shi fage. Ba a ƙara wa kai ko sili ɗaya ba, kuma ba a taɓa abin da ke kashe sauran gashin ba. Har ila yau, ƙeya rumbu ce mai iyaka, abin da aka ciro daga cikinta ba ya sake tsirowa a wurin. Masu kallon ƙwallo za su tuna da Wayne Rooney, tsohon ɗan wasan Manchester United, wanda ya sanar da duniya da kansa a 2011 cewa an yi masa dashe yana da shekara 25, ga shi kuwa a 2013 sai da ya sake komawa. In mai kuɗi irin nasa bai gama a zama ɗaya ba, ina ga mai sayar da goro?

Magungunan da likitoci suka fi dogara da su wajen riƙe sauran gashin guda biyu ne. Na farko shi ne minoksidil, wanda aka fi sani da Rogaine ko Regaine. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa suna yin gashi, aka mai da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Ana shafa shi a fatar kai kullum, kuma yakan sa wa wasu ƙaiƙayi. Na biyu shi ne finasterid, ƙwaya mai miligiram 1 da ake sha sau ɗaya a rana, wadda aka amince da ita a 1997 da sunan Propecia. Aikinta rage sinadarin nan na DHT, tana kuwa rage wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda ke cikin jini.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Dukansu biyu ba sa warkar da sanƙo, tare shi kawai suke yi. Wanda ya daina shafa minoksidil, cikin 'yan watanni gashin da maganin ya riƙe zai zube. Wanda ya daina shan finasterid, kafin shekara ta zagayo zai koma inda da ma zai kasance. Saboda haka mai lissafin kuɗin jirgi da masauki da aiki, lalle ne ya haɗa da kuɗin kemis na kowane wata, shekara goma ko ashirin, ya dubi kuɗin makarantar yara da abin da ake aika wa tsofaffi gida, sa'an nan ya yanke shawara.

Ban da aljihu akwai kuma lafiya. A gwaje-gwajen da aka yi kafin fitar da finasterid, 'yan kaɗan daga cikin masu sha, ƙasa da mutum biyu cikin ɗari, sun yi kukan raguwar sha'awa ko raunin mazakuta. Galibi abin yakan wuce in an daina, amma akwai waɗanda suka ce nasu ya daɗe. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar cewa tunanin kashe kai yana cikin illolin da ƙwayar ke iya jawowa, don haka wanda ya ji ƙunci ya rufe shi ya tsayar da ita ya ga likita. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko ta dagargaje, gama tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Sa'an nan tana rage sakamakon gwajin jini na PSA da kusan rabi, gwajin da ake yi wa manyan maza don neman alamar cutar daji a ƙasan mafitsara, saboda haka tilas mai shanta ya gaya wa likita kafin a gwada shi. Wannan ba magani ba ne da za a saya a tasha ko a hannun mai talla cikin bas.

Mu baƙar fata muna da ƙarin abin lura. Saiwar gashinmu a lanƙwashe take a cikin fata, cirota lafiya sai gwani, kuma wasunmu fatarsu takan yi tabo mai tudu ko da a kan ɗan ƙaramin yanka ne. Wanda ya san haka jikinsa yake, ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Shawarata ga mai niyya ita ce, ya fara ganin likitan fata a asibitin koyarwa mafi kusa da shi, a tabbatar sanƙon gado ne, ba makero ko wata cuta ba. In likita ya ga ya dace, ya fara da magani ya ga yadda jikinsa da aljihunsa za su ɗauka. Ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali. Wanda kuma aka riga aka yi wa dashe, kada hankalinsa ya tashi in gashin ya zube cikin makonnin farko, haka yake yi, sabo yakan fara fitowa bayan wata uku ko huɗu, ba a ganin cikar aikin sai wajen shekara. Amma kada ya yanke magani da ra'ayin kansa.

Wanda kuwa ya auna ya ga ba zai iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sanƙo ba cuta ce mai kisa ba, ba kuma abin kunya ba ne. Iyayenmu sun yi shi, sun je wurin wanzami ya kwashe sauran, sun kafa hula sun shiga jama'a da mutuncinsu, hular kuma ba ita ke kawo shi ba kamar yadda wasu ke zato. Shi abokin nawa ma da muka yi sallama ce mini ya yi gobe da sassafe wanzami zai nema.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya da wadatar zuci, ya kuma mai da kowa gida lafiya, amin.