SHA'ANIN MOTA: Man Kare Fenti Da Dillalai Ke Tallatawa, Ya Ci Kuɗinsa?

Maganar da za mu duba a makon nan ƙarama ce a baki, amma tana cin kuɗi masu kauri, kuma takan taso ne a daidai lokacin da mai sayen mota ya gaji da ciniki, hankalinsa duk ya koma kan makulli. An daidaita a kan farashi, an shiga ofis za a sa hannu a takardu, sai ma'aikacin kamfanin dillanci ya ce, saura abu guda, ranka ya daɗe, akwai wani mai na musamman da muke shafa wa mota wanda zai kare fentinta daga rana da ƙura da ruwan sama har shekara biyar. A wasu wuraren ma ba a tambaya, sai dai mutum ya tarar an riga an sa kuɗin a cikin lissafi, wai an shafa tun kafin ya zo.

Wannan dabara ta daɗe a kasuwar mota ta Amurka da Ingila, kuma ta iso mana nan, musamman a Legas da Abuja da sauran manyan birane. Amsar da zan bayar tun da fari ita ce, man nan na gaskiya ne, yana da ɗan amfani, amma amfaninsa bai kai rabin abin da ake faɗa ba, kuma a mafi yawan lokuta bai ci kuɗin da dillali yake nema ba. Ga dalilaina.

Ya kamata mu fara sanin abin da ake cewa za a kare. Fentin motar zamani hawa huɗu ne. Da farko akan tsoma gangar jikin motar ɗungum cikin wani babban kwarami na maganin tsatsa, a sa wutar lantarki ta manna shi a kan ƙarfen har lungu-lungu. Sai shimfiɗa ta biyu mai daidaita fuskar ƙarfen, sai launi, sa'an nan a kawo rufin sama wanda ba shi da launi, garai yake kamar gilashi, shi ne masu fenti suke kira kiliya. Ana gasa wannan rufi a tanderun masana'anta da zafin da ya kai wajen digiri 140, kuma a cikinsa aka zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai cinye launi. Duk hawa huɗun nan in aka haɗa su kaurinsu bai fi maikiron 100 zuwa 150 ba, watau kamar silin gashin kai biyu, domin maikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliya ita kaɗai tana da kamar maikiron 40 zuwa 50. Abin nufi, motar da ta fito daga masana'anta ta zo da garkuwarta, kuma wannan garkuwa tana cikin kuɗin da ka riga ka biya.

Dattawan da suka riƙe Peugeot 504 ta Kaduna, inda aka fara haɗa motoci a 1975, za su tuna cewa a wancan zamani in aka goge mota da man gogewa sai a ga launinta ya fito a jikin tsumma. Dalili kuwa shi ne yawancin fentin lokacin ba shi da kiliya, launin ne a fili yana shan rana har ya dusashe ya yi gari. A lokacin, shafa wa mota kaki a kai a kai wajibi ne. Daga shekarun 1980 kiliya ta game duniya, amma tsoron dusashewar launi ya zauna a zukatan mutane, kuma da shi ake cin kasuwa har yau.

To, mene ne a cikin kwalbar dillali? Ba ya wuce ɗaya daga cikin abu uku. Akwai kaki na asali, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil, sunanta karnauba. Yana ba da ƙyalli mai kyau, amma a rana irin tamu makonni kaɗan yake yi, in ya daɗe ya kai wata biyu ko uku. Akwai kuma man roba da aka haɗa a masana'anta, wanda yakan yi wata shida ko ya ɗan fi, kuma shi ne mafi yawan dillalai suke shafawa, ko da wane irin suna mai daɗi suka laƙaba masa. Na uku shi ne wanda ake yayi yanzu, watau siramik, ruwa ne mai ɗauke da sinadarin da ake yin gilashi da shi, in ya bushe sai ya daskare a kan kiliya. Wannan ya fi sauran ƙarko, in an shafa shi bisa ƙa'ida yana iya yin shekara biyu ko fiye. Amma fa kaurinsa maikiron ɗaya ne zuwa biyu. Mai karatu ya auna da kansa: abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na kiliya ba, ta yaya zai tare tsakuwar da tayar tirela ta cillo a hanyar Kaduna zuwa Abuja?

Akwai kalmomi biyu da ake rikita masu saye da su. Ta farko ita ce Teflon, abin nan da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Wani masani mai suna Roy Plunkett ne ya gano shi a kamfanin DuPont na Amurka cikin 1938, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 327. Kafin ya kama jikin kasko sai an gasa shi a wuta mai tsanani, wadda in aka sa mota a ciki ba fenti kaɗai ba, har robobinta sai sun narke. Saboda haka duk wanda ya ce ya shafa wa motarka Teflon da soso a bayan shago, kaki ko man roba ya shafa, ko da an barbaɗa garin Teflon a ciki. Kalma ta biyu ita ce 9H da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalin siramik. Mutane da yawa suna zaton ma'aunin taurin duwatsu ake nufi, wanda Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda lu'ulu'u yake da lamba 10. Ba shi ba ne. Ma'aunin fensir ne, irin na 'yan makaranta: ana nufin bakin fensir mafi tauri bai karce shi ba. Ƙwayar yashi kuwa lamba 7 take da ita a ma'aunin Mohs, ta fi fensir, ta fi kiliya, ta fi siramik ɗin da aka shafa.

A nan ne maganar ta shafe mu ƙwarai. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana, kuma ƙurar da ke kwanciya a kan motocinmu cike take da ƙananan ƙwayoyin yashi. Ƙurar ita kaɗai, in tana kwance, ba ta yi wa fenti komai. Ɓarnar tana farawa ne da safe, sa'ad da yaron gida ko direba ya ɗauko busasshen tsumma ya shiga share motar don maigida zai fita. Wannan ba shi da bambanci da goga mata takardar yashi mai laushi. Ku tsaya kusa da baƙar mota da rana tsaka ku duba, za ku ga zane-zane sirara suna zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumma ke nan. Babu wani mai a duniya da zai hana wannan, kuma abin takaici, wanda ya biya kuɗin man kariya shi ya fi sakin jiki, yana ganin ai an riga an yi wa motarsa rigakafi.

Kada a ce na yi wa man nan rashin adalci. Yana sa ruwa ya zame, datti ba ya kamawa sosai, wanki yakan yi sauƙi. Haka nan yana ba mutum ɗan jinkiri in kashin tsuntsu ko na jemage ko danƙon bishiya ya zubo, domin waɗannan suna cin kiliya da sauri in rana ta buga su, kuma rufin baƙar mota a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafinsa yakan wuce digiri 70. Amma jinkiri ne kawai, ba a bar kashin ya kwana uku ba. Wasan da dillalai suke yi kuwa, na watsa ruwa a kan bonet a ga ya dunƙule ɗigo-ɗigo yana gangarowa, kowane kaki mai araha yana yin haka a ranar da aka shafa shi. Daɗin daɗawa, in ruwan rijiyar burtsatse ne mai kanwa-kanwa, ɗigon nan in ya bushe a rana sai ya bar fararen tabo a kan siramik ɗin kansa.

Abin da ke da tsada a wannan aiki na gaskiya shi ne hannu da lokaci. Kafin a shafa siramik tilas a wanke motar sarai, a cire duk abin da ya maƙale a fenti, a goge ta da inji a fitar da karce, a share duk maiƙo, sa'an nan a bi ta taki-taki a cikin ɗaki marar ƙura, a bar ta ta kwana ba ta taɓa ruwa ba. Aikin yini guda ne ko biyu ga gwani. In aka ce maka ka zauna ka sha lemo, cikin rabin sa'a an gama, to ka san abin da ka saya. In kuwa aka shafa a kan karce da datti, an rufe su ke nan a ƙarƙashi, sai dai a goge man baki ɗaya kafin a gyara.

Sai maganar garanti, wadda ita ce ainihin abin da ake sayarwa. A karanta takardar da kyau tun kafin a biya. Irin waɗannan takardu galibi sukan cire karce da bugun tsakuwa da haɗari daga abin da suka ɗauka, watau dai abubuwan da suka fi samun mota. Sau da yawa kuma sukan gindaya sharaɗin a riƙa komowa lokaci-lokaci a duba ko a sabunta, wanda ya tsallake sau ɗaya garantinsa ya faɗi. Man da sai an sabunta shi kowace shekara ba na shekara biyar ba ne. Aibin fenti da ya samo asali daga masana'anta kuwa, sabuwar mota tana da garantin kamfanin da ya ƙera ta a kan wannan. Wanda zai sayi mota da rancen banki ya ƙara lura, domin in aka cusa kuɗin man a cikin rancen, zai yi ta biyan kuɗin ruwa a kansa bayan man ya daɗe da wankewa, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

A Amurka, mujallar nan ta masu sayayya, Consumer Reports, ta daɗe tana lissafa wannan mai cikin ƙarin kayan da take ba mutane shawara su ƙi karɓa a wurin dillali. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar ƙasar ma ta fitar da wata ƙa'ida a watan Disamba 2023 don hana dillalai cajin mutane kuɗin ƙarin kayan da ba su da amfani, sai dai wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a watan Janairu 2025, bisa dalilin cewa ba a bi matakan kafa ta daidai ba. A nan gida muna da dokar kare masu sayayya ta 2018 da hukumarta, FCCPC, kuma dokar ta hana yaudarar mai saye game da abin da kaya za su iya yi. Amma kafin a kai ga hukuma, ya fi sauƙi mutum ya ce a cire layin daga lissafi. Wanda ya sayar maka da mota ba zai fasa ciniki a kan kwalbar mai ba.

Ga masu sayen 'yar Kwatano, waɗanda su ne mafi yawanmu, akwai ƙarin hattara. Da yawa daga cikin motocin nan an yi musu sabon feshi bayan sun sauka, kuma fentin da ba a gasa a masana'anta ba yana bukatar wata ɗaya zuwa uku kafin ya gama bushewa ciki da waje. Masu fenti na ƙwarai sukan hana a rufe shi da kaki ko wani mai kafin lokacin. Ban da haka, ƙyalli yana ɓoye aibi. A duba mota a hasken rana kafin a shafa mata komai, a bi jikinta da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sosai akwai alamar an cike lotsa a wurin. Motar da kiliyarta ta fara saɓulewa kuwa, irin fararen tabon nan kamar ƙyasbi da ake gani a rufi da bonet, ta wuce maganar mai, sai sabon fenti.

Wanda yake da sabuwar mota mai tsada, ba shi da rumfar ajiye ta, kuma yana da halin biya, siramik zai rage masa wahalar wanki, amma ya kai ta wurin masu sana'ar, ya tambayi sunan man, ya ga kwalbar, ya san kwana nawa aikin zai ci. Mai yawan bin doguwar hanya da ke tsoron tsakuwa, abin da zai nema daban ne: wata leda ce garai mai kaurin maikiron 200 da ake manna wa gaban mota, ita ce take tare bugu, kuma kuɗinta ya fi na siramik. Sauranmu kuwa, a nemi inuwa, amma ba ƙarƙashin bishiyar da jemagu ko balbelu suke kwana ba. A zuba ruwa ya kwashe ƙura kafin hannu ya taɓa mota, a yi bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tawul, a bar omo ga masu wankin tufafi domin yana cinye kaki, kuma tsumman da ya wanke taya kada ya hau jikin mota. Man roba na kanti, wanda mutum zai shafa da hannunsa cikin sa'a guda, a yi shi sau biyu a shekara: sau ɗaya kafin hunturu ya shigo, sau ɗaya kafin ruwan farko.