Maganin hawan jini ba hajar 'yan talla ba ce

A Matameye, kamar sauran garuruwan bakin iyaka na jihar Damagaram, mai hawan jini ba ya shan wahalar samun ƙwaya. Masu tallar magani suna kasuwa, kuma ba sa tambayar takardar likita. Wannan sauƙin ne ya dame mu, musamman kan magungunan da sunansu ke ƙarewa da "pril", irin su captopril, enalapril da lisinopril.

Magunguna ne masu kyau, babu mai musu. Suna toshe wani sinadari da ake kira ACE, wanda da shi jiki ke haɗa abin da ke matse jijiyoyin jini. Idan aka toshe shi, jijiyoyin su saki, jini ya sauka. Amurka ta amince da captopril tun 1981, kuma likitoci na ba masu ciwon suga wannan rukuni don kare ƙodarsu.

Sai dai mai juna biyu ba ta shan su. Suna iya lalata ƙodar jariri tun yana ciki, ruwan mahaifa ya ragu, wani lokaci a rasa shi gaba ɗaya. A yankin da haihuwa ke da yawa kamar namu, mace na iya yin wata biyu tana haɗiyar ƙwayar ba ta san ta samu ciki ba. Wane mai talla ne zai yi mata wannan tambayar? Alhali akwai methyldopa da nifedipine da likita zai iya sauya mata.

Akwai kuma busasshen tari da suke sa wasu, da kumburin leɓe ko harshe da kan toshe numfashi, wanda ya fi samun baƙar fata. Ko wajen aiki ma, binciken CREOLE na 2019, da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jini a kan haɗin perindopril da maganin fitsari. Zaɓin ƙwaya aikin likita ne.

Kama 'yan talla kaɗai ba zai wadatar ba, tunda mutane na zuwa wajensu ne saboda kusa da araha. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta wadata asibitin gundumar Matameye da cibiyoyin CSI na ƙauyuka da na'urar awon jini da magani mai rahusa. Ungozomomi kuma su riƙa tambayar duk matar da ta zo awon ciki ƙwayar da take sha, su ce ta zo da kwalin.