Kafin Ki Kai Loma A Gidan Sushi

Tafiya kan kai wasunmu Dubai, Landan ko Kuala Lumpur, don saro kaya, ganin likita ko bikin kammala karatun yaro. A can ne za ki ji yaran sun ce, "Mama, yau sushi za mu ci." Wata uwar nan take za ta yamutsa fuska ta ce ita ba ta cin ɗanyen kifi. Wata kuma, don kada a ce ba ta waye ba, duk abin da aka ajiye mata sai ta haɗiye. Duka biyun akwai gyara, kuma gyaran shi ne tambaya.

Sushi abincin Japan ne, kuma ginshiƙinsa shinkafa ce da aka kwaɓa da ruwan khal, sukari da gishiri. Zallar ɗanyen kifi da aka yayyanka, shi ake kira sashimi. Idan aka dunƙula shinkafar aka ɗora mata kifi, sunanta nigiri, idan aka naɗe ta da busasshen ganyen teku, maki ke nan. Akwai masu yawa da babu ɗanyen abu a cikinsu: kappa maki kokwamba ce kawai, ebi dafaffen jatan lande ne, tamago kuma wainar ƙwai ce mai ɗan zaƙi.

Tambayar farko ga mai kawo abinci: wanne ne ɗanye, wanne ne dafaffe? Ɗanyen kifin teku kan ɗauki wata tsutsa mai suna anisakis, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce a daskarar da irin wannan kifi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. Amma ƙanƙara ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana shawartar mai juna biyu ta guji ɗanyen kifi, ta kuma guji nau'in tuna da ake kira bigeye saboda yawan sinadarin makyuri. Idan kina da ciki, ko da ƙaramin yaro a gefenki, ki tsaya a kan dafaffe. Rigakafi ya fi magani, balle a garin da ba ki san hanyar asibiti ba.

Ta biyu: an sa mirin ko sake? Dukansu giyar shinkafa ce da Japanawa ke girki da ita. Kifin kansa halal ne, amma mirin kan shiga miyar da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, wani lokaci har cikin wainar ƙwai da shinkafar kanta. A Malesiya ki duba tambarin halal na hukumar JAKIM a ƙofa. A sauran wurare ki buɗe baki ki tambaya, babu abin kunya a ciki.

Sauran duk mai sauƙi ne. Idan tsinken cin abincinsu ya gagare ki, sa hannunki, don ko a Japan ana cin nigiri da hannu. Koren abin nan wasabi ne, yajinsa ta hanci yake hawa, ki ja wa yara kunne kada su lasa da yawa. Siraran yankan citta da ke gefen faranti kuwa, abin dariya, sunansu gari, ana ci ne tsakanin loma da loma don wanke baki. Idan gidan mai bel ne da ke zagayawa da faranta, irin wanda aka fara a yankin Osaka a 1958, ki lura: sau da yawa launin faranti ne ke nuna kuɗinsa. Yara kan tara su kafin ki ankara.

'Ya'yanmu suna kallon yadda muke tarbar baƙon abu. Yarinyar da ta ga mahaifiyarta ta yi tambaya cikin natsuwa sannan ta ci, ita ma haka za ta yi ranar da ta tafi karatu ita kaɗai.

Wace ce ta taɓa ci a cikinku, kuma a wane gari? Ku ba mu labari a sashen sharhi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.