Yaron da ya san gulbi a cikin waya



Maganar wannan mako daga bakin yaro ta fito. Ranar Lahadin da ta wuce, malamar makarantar Lahadi ta ce wa yara kowa ya zana wani abu da Allah ya halitta wanda ya fi ba shi sha'awa. Wani ɗan shekara bakwai, haifaffen Sabon Birni, ya zana gulbi da kwalekwale da mutum yana jefa taru. Aka tambaye shi yaushe ya je, sai ya ce a wayar babansa ya gani. Gulbin nan kuwa daga ƙofar gidansu ko jaki ba zai gaji ba kafin ya isa. Muka yi dariya, daga baya dariyar ta koma ciki.

Mu da muka zauna a nan shekaru goma sha biyar ko ashirin, ko aiki ya kawo mu ko kasuwanci, mun san yadda ake yi a da. Idan ruwa ya janye, ranar Asabar mutum ya ɗora yara biyu a babur ya gangara fadama, su ga yadda ake ban ruwan albasa, su sha rake, su tsinci kurna da kanya, su dawo da ƙafafu fal taɓo uwarsu tana faɗa. Lokacin Kirsimeti wasu kan tsallaka Maraɗi, su biya ta Tsibiri su ga fadar Sarkin Gobir, su sayo kilishi. Malaman makaranta a cikinmu kan kai ɗalibai kufan Alkalawa, su nuna musu inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, birnin da ya faɗi a 1808. Mu baƙi ne a ƙasar Gobir, yawancinmu, amma 'ya'yanmu a nan aka yanke musu cibi, kuma da ƙafa suke sanin ƙasar.

Ba sai mun tsaya bayanin abin da ya tsayar da wannan ba. A Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya. A Satumban 2021 aka katse layukan waya, muka yi makonni ba mu jin muryar 'yan'uwa. A Disamban shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyar dawowa daga Sakkwato, kuma bai dawo da rai ba. Idan hanyar da sarki ya bi ba ta tsira ba, wane uba ne zai ɗora ɗansa a babur ya ce za su je kallon shamuwa? Duk wanda ya kulle ƙofa ya yi daidai, kuma ba mu zo nan mu ce wa kowa ya buɗe ta da ka ba.

Sai dai akwai wata asara ta biyu da ta shigo tare da kulle ƙofar, wadda ba a faɗinta a taron addu'a saboda kunya. Tun da yara suka daina fita, mata da miji suka daina zama su biyu. Gidan haya ɗaki biyu ne, wani ma ɗaya da rumfa. Yara huɗu suna ciki daga tashi makaranta har barci. A gidaje da yawa an ƙaru da ƙanwar mata ko tsohuwa ko ɗan wani ɗan'uwa da aka rasa inda za a kai shi. Da dare kowa kunnensa na waje, ko kare ya yi haushi sai an tashi zaune. Hirar da ta rage tsakanin maigida da uwargida ita ce kuɗin makaranta, kuɗin masara, da labarin wanda aka ɗauke jiya. Wata 'yar'uwa ta faɗa a zumuntar mata, cikin raha amma da gaske take, cewa ta fi sanin abin da ke damun maƙwabciyarta fiye da abin da ke damun mijinta, domin da maƙwabciyar suna haɗuwa a bakin rijiya su biyu, shi kuwa ba ta taɓa samunsa ba tare da yaro a cinya ba.

Ra'ayinmu shi ne, waɗannan abubuwa biyu, fitar yara da zaman ma'aurata, ba kishiyoyi ba ne, kuma kuskuren da muke yi shi ne ɗaukarsu kamar tuwo ɗaya da za a raba, in an ƙara wa wannan a rage wa wancan. Uba ya samu Asabar ɗaya babu aiki, sai ya tsaya lissafi: in zauna da matata yara su ce na yi watsi da su, in fita da yara ita ta ce ko ranar hutu ba ta gani na. Daga ƙarshe sai ya zaɓi na uku, ya tafi majalisa wajen abokai, kowa ya rasa. Wasu kuma sun ɗauka in an kwashi kowa da kowa an je wuri ɗaya, an biya bukata biyu ke nan. Ba a biya ba. Duk wadda ta taɓa fita da yara huɗu ta san ba hira take yi da mijinta ba, ƙirga kawuna take yi.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a fuska. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce, "'Ya'yana, ana binne mutane kuna maganar yawon shan iska? Wannan ai koyi da Turawa ne." Muka ce, Baba, ba mu ƙi ta taka ba, amma a duba. Iyayenmu a ƙauye ba su san wani abu wai shi fita shaƙatawa ba, gaskiya ne, sai dai ba su bukace shi ba. Yara suna dandali suna langa da gaɗa har wata ya faɗi, ko suna ɗakin kaka ana tatsuniya, mata da miji kuwa suna tafiya gona tare su dawo tare, hanya kaɗai ta ishe su hira. Tsarin zaman ne ya ba su abin da mu yanzu sai mun nema da gangan. Abin da muke nema ba na Turawa ba ne, namu ne da aka ƙwace.

Batun binne mutane kuwa, shi ne ma dalilin. Wannan fitina ta wuce shekara biyar. Yaron da aka haifa lokacin da ta fara yanzu yana firamare. In muka ce sai an samu lafiya za mu zauna da matanmu, sai an samu lafiya yara za su taka ƙasa, to muna iya wayar gari lafiya ta samu amma yaran sun girma a tsakanin bango huɗu, auren kuma ya zama zaman haya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, 'ya'yanmu mata musamman, waɗanda ko ƙwallon layi ba a barinsu, minti nawa suke samu in an cire shara da ɗiban ruwa?

Abin da wasu gidaje uku a cikinmu suka gwada, kuma muke ganin ya isa a yi magana a kansa, adashi ne, amma na lokaci. Kowace Asabar gida ɗaya ne ke da ɗauka. Mata da mijin gidan su kwashi yaran gidajen uku gaba ɗaya, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya ko sha biyu, sauran gidaje biyu kuwa su samu gida shiru. Mako na gaba a juya. A cikin mako uku ke nan kowane gida ya yi wahala sau ɗaya, ya huta sau biyu, yara kuwa kowane mako suna waje.

Ina ake kai su? Ba nesa ba, kuma nan ne sai an cire girman kai. Filin makarantar firamare. Harabar coci. Lambun wani maƙwabci da ke manne da gari, inda ake ganin rufin gidaje. Wajen maƙeri, su ga yadda ake fitar da lauje daga wuta. Wajen mai saƙar tabarma da kaba. Ranar da aka kai su wajen masu gyaran kifi, wata yarinya ta yi mako tana ba da labarin tarwaɗa mai gashin baki. Wanda bai taɓa fita ba, bayan layinsu ma duniya ce. Kuma yawancin masu lambu da maƙeran nan maƙwabtanmu Musulmi ne, su ne ma suka fi mu sanin wace hanya ce ke da lafiya yau, wace ce ba ta da ita. Ba a fita sai an tambaye su da safe, in suka ce a'a, an fasa, a yi wasan a tsakar gida. Ɗaya daga cikinsu da ya ga abin sai ya ce a haɗa da nasa biyu, yanzu gidaje huɗu ne. Ba a wuce azahar, ba a sanar da wuri tun jiya, ba a sa hoton yara a Facebook ana nuna inda suke. Kuma babba biyu ne ke tafiya, ba ɗaya ba. Ko Yusufu da Maryamu, da suka je idi Urushalima cikin ayarin dangi, sai da suka yi tafiyar yini guda kafin su gane yaron ba ya cikinsu, kowa na zaton yana wajen wani.

Su kuma waɗanda aka bari a gida, a nan ne abin dariyar yake. Makon farko, in ji ɗaya daga cikin mazan, shi da matarsa suka zauna suka rasa abin faɗa. Ita ta tashi ta hau wanki, shi ya ɗauki rediyo. Sai a mako na biyu ta ce, "Baban yara, ajiye rediyon nan, wankin ma na fasa." Suka dafa shayi. A ranar ya ji cewa wata uku ke nan tana fama da ciwon kai da take ɓoyewa don kada ta ƙara masa nauyi, ita kuma ta ji cewa ya nemi canjin wurin aiki har sau biyu bai faɗa mata ba, don kada ta sa rai. Gida ɗaya, gado ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa kaya saboda ƙauna. Ba sai an je otal ba, ba sai an kashe ko sisi ba. Amma wankin sai an bar shi, wayar ma a kife ta.

Yanzu bari mu taɓa namu na cikin gida, shugabanni su yi mana haƙuri. Ikkilisiya tana wa'azin aure, amma jadawalinta yana raba ma'aurata. Yau zumuntar mata, gobe zumuntar maza, jibi koyon waƙa, gata nazarin Littafi Mai Tsarki, ga taron dattawa, ga na kwamiti. A ƙaramar ikkilisiya irin tamu, inda mutanen ba su da yawa, mutum ɗaya ne ma'aji, shi ne mai kiɗa, shi ne malamin matasa, matarsa kuma ita ce komai a wajen mata. Su ne ake yabo a gaban jama'a, su ne kuma ba su ci abinci tare ba tun Lahadi. Muna roƙo a bar yamma ɗaya a mako babu wani taro ko kaɗan, a kuma faɗa daga bagade cewa an bar ta ne don gida. Taron ma'aurata na shekara-shekara da ake kawo baƙon mai wa'azi yana da kyau, amma yini ɗaya ba ya gyara kwana 364. Matasanmu kuma da ke neman hidimar da za su yi, ga ta: su riƙe yara awa biyu a harabar coci.

Akwai waɗanda duk wannan magana ba ta kai gare su ba, kuma suna da yawa. Su ne waɗanda suka mayar da iyali Sakkwato, ko Zuru, ko Kafanchan, ko can Kudu, su suka zauna a Isa ko Sabon Birni saboda aiki ko shago. Mutum ya yi wata biyu bai ga matarsa ba, ranar da ya samu shiga mota ya isa lafiya, yara sun rufe shi, dangi sun zo gaisuwa, Lahadi coci, Litinin da asuba ya kama hanya. Su adashin Asabar bai yi musu komai ba. Abin da muka iya cewa kawai shi ne, 'yan'uwan da ke zaune a garuruwan da iyalan suke, in kun ji maigidan ya zo, ku je gaisuwa ranar farko, a rana ta biyu ku aiko a ɗauki yaran ku kai su wani wuri har yamma. Kada ku jira a roƙe ku, domin ba wanda zai iya buɗe baki ya roƙi wannan.

Yaron da ya zana gulbi yana cikin gidajen nan huɗu yanzu. Har yau ba a kai shi bakin ruwan ba, masu lambu sun ce a dakata tukuna.