Martani: Jan Garwashi Ba Shaidar Aminci Ba Ne

Na karanta abin da wani marubuci ya wallafa a makon jiya, wai idan garwashi ya yi jajir, hayaƙi ya ɗauke, babu laifi a shigar da kasko ɗaki, a rufe ƙofa a kwana. Malam, wannan magana tana iya kisa. Ka kuma sake ta a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin asuba ke sa iyaye a unguwannin Gwange da Bulumkutu neman duk abin da zai ɗumama 'ya'yansu.

Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne babban haɗari ba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da oksijin sau 200. Mai barci ba zai yi tari ya farka ba, daga barcin sai suma.

A Turai da Amurka, masu murhun ƙarfe na itace suna liƙa ma'aunin zafi a jikin bututun hayaƙi, su riƙe zafin tsakanin digiri kusan 150 zuwa 250 a ma'aunin Celsius. Idan ya yi ƙasa, baƙar kunkunniya ta taru a ciki har wata rana ta kama da wuta. Idan ya zarce, ƙarfen ya lalace. Su ke nan da hayaƙinsu ke fita waje! Kaskonmu ba bututu, duk abin da ya fitar huhun yara yake shiga.

Ka janye maganar a inda ka buga ta. Iyaye kuma, a ji ɗumi a tsakar gida, a kashe garwashin a waje kafin a kwanta.