Ra'ayinmu: Ba A Gyaran Gida Da Jifa

Duk wanda ya saba zama a gidajen kallon ƙwallo na Chikaji da Muciya da Samaru ya san cewa gardama iri biyu ake yi a cikinsu. Akwai gardamar kulob-kulob na Ingila da Sifen, wadda akan yi da dariya da zolaya, in an tashi kowa ya kama gabansa. Akwai kuma gardamar Kano Pillars, wadda ba a cika yin ta da dariya ba, domin ita ta gida ce. A kakar wasa ta 2025/2026 babu kulob ko ɗaya daga Jihar Kaduna a babbar gasar ƙasa, saboda haka ɗimbin matasan Zariya, da ɗaliban da suka zo karatu daga Kano da Jigawa da sauran wurare, zuciyarsu tana wajen Sai Masu Gida. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, shin wannan kulob zai sake komawa kan ganiyarsa? Mu a wannan mujalla muna ganin zai iya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya shafe mu 'yan kallo fiye da yadda muke so mu yarda.

Ya kamata mu fara tuna abin da ake son a maido, domin ƙannenmu da yawa labarinsa kawai suka ji. An kafa Pillars a 1990. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sa'an nan ta ɗauke shi sau uku a jere, watau 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin, ta kuwa kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Ta yi shekara 12 ba wanda ya ci ta a gida a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lago. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Wanda ya ga waɗannan shekaru da idonsa ba za a ga laifinsa ba in ransa ya ɓaci da abin da ya biyo baya.

Abin da ya biyo baya shi ne faɗuwar 2022, lokacin da kulob ɗin ya gangara rukuni na biyu. An faɗi dalilai da yawa, wasu na kuɗi, wasu na shugabanci, wasu na tsufan 'yan wasa, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Amma akwai dalili ɗaya da ba mu son ambatonsa a majalisa. A watan Afrilu na wannan shekara, Pillars ba ta daɗe da komawa filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ba bayan doguwar hijira a Kaduna, sai wasanta da Katsina United ya watse saboda tarzomar 'yan kallo, har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zaftare mata maki uku, ta ci ta tarar miliyoyin naira, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kaka Pillars da Katsina United duka suka faɗi. Sun dawo tare a 2023, kowa ya yi hamdala, aka ce an ɗauki darasi. Sai ga shi a watan Oktoba na 2025, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ci a mintocin ƙarshe aka tashi 1-1, 'yan kallo suka sake kutsawa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukuncin bai canza ba: maki uku, tarar naira miliyan 9.5, da hijira zuwa Katsina.

To, jama'a, mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Kulob 20 ne suka buga gasar a wannan kaka, kowanne wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗu na ƙasa kuma su faɗi. Kowa ya san cin wasa a waje a ƙasar nan abu ne mai wuya ƙwarai, har ma kulob yakan yi watanni bai samo maki uku daga tafiya ba. Ke nan jarin kowane kulob shi ne wasanninsa 19 na gida. Ranar da aka yi canjaras da Shooting Stars, asarar da 'yan wasa suka jawo ta maki biyu ce. Asarar da 'yan kallo suka jawo kuwa ta maki uku ce nan take, ga kuɗin ƙofa da aka rasa, ga kuɗin mota da masauki a garin wasu, ga rashin wannan sowa ta Ƙofar Mata da ke sa ƙafar baƙo rawa. Wace abokiyar hamayya ce ta taɓa yi wa Pillars ɓarna irin wannan a yini ɗaya? Babu. Wanda ya ɗauki dutse yana cewa kishin kulob ne ya sa shi, a haƙiƙa ya buga wa abokan gaba wasa ne ba tare da sun biya shi ko kwabo ba.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce alƙalan wasa ma suna da nasu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ba mu musa ba. Busa ta son zuciya cuta ce da ta daɗe a ƙwallon ƙasar nan, kuma wajibi ne hukumar gasa ta hukunta alƙalin da aka kama da laifi a bainar jama'a kamar yadda take hukunta kulob. Haka nan wajibi ne masu kulob su tanadi isassun masu tsaro da shinge mai ƙwari, su kuma daina sayar da tikiti fiye da abin da fili zai ɗauka. Sai dai ba mu taɓa jin ranar da jifa ya sa aka soke ci ba. Akwai hanyar kai ƙara a rubuce, ga kuma hoton bidiyo da ke hannun kowa a yau. Wannan hanya tana da jinkiri, wani lokaci ma ba ta biya, amma ba ta taɓa jawo wa kulob asarar maki ba.

Da yake mu a Zariya muke, muna da misali na kusa a kan yadda ake gina ƙungiya. Masai Ujiri a garin nan ya tashi, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson. A 2013 aka damƙa masa ragamar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada, ƙungiyar da ba ta taɓa ɗaukar kofi ba. Bai kawo kofin ba sai a 2019, watau bayan shekara shida. A tsakanin nan ya ɗauko yara waɗanda ba a san su ba, irin su Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda sai da aka zaɓi mutum 26 kafin a zo kansa a 2016, aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ya goge tukuna. A wannan birni na Toronto kuma akwai Maple Leafs, kulob ɗin wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda tun daga 1967 har zuwa 2025 bai sake ɗaukar babban kofinsu ba, amma magoya bayansa ba su fasa cika zauren wasa ba. Suna gunaguni, suna sukar shugabanni a jaridu, sa'an nan su sayi tikiti su koma.

Amma kada mu ɗauki misalin nan duka mu haɗiye, domin akwai bambanci babba. A gasanninsu na Amurka da Kanada ba a faɗuwa rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta zo ƙarshe ma ita ake ba dama mafi girma wajen zaɓen sababbin 'yan wasa, saboda haka suna iya rushe gida su zauna a fili shekara uku suna gini. Mu ba mu da wannan gata. Namu ginin tilas a yi shi ana cikin ɗakin, ana sauya azara ɗaya bayan ɗaya ba tare da rufi ya rufto ba. Wannan ne ya sa kowane maki yake da tsada a wajenmu, shi ya sa kuma haƙurin 'yan kallo ya fi zama dole a nan fiye da can.

Mene ne ginin na gaskiya? A ganinmu abu uku ne. Na farko, yara. Mun yi murna da dawowar Ahmed Musa a 2021 da kuma 2024, da naɗa shi babban manaja da gwamnatin Kano ta yi a watan Yuli na 2025. Muna kuma jinjina wa Rabi'u Ali, wanda ya haura shekara 40 yana ci wa kulob ɗin ƙwallo. Amma mu tuna cewa Ahmed Musan da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yaro ne ɗan ƙasa da shekara 20 da aka ba dama. Amfanin manya shi ne su yi wa yara inuwa kafin su miƙa musu tuta. Magajinsu yana nan a gasar kofin Ramat, ko a wasannin jami'o'i, ko a wani filin makarantar firamare a Chikaji yana buga tamaula ba takalmi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a bar mai horarwa ya yi aikinsa. Kulob ɗin gwamnati yana da wata lalura, watau duk sa'ad da aka sami canji a sama sai a sauya shugabanni, su kuma su sauya koci, shi kuma ya kawo nasa 'yan wasa, a koma farko. Mu 'yan kallo muna ƙara wa wutar nan fetur, domin da an yi rashin nasara sau uku sai mu fara kiran a kori wane. Kocin da ya san wasa uku ne tsakaninsa da sallama ba zai taɓa sa yaro ɗan shekara 18 a fili ba, tsohon hannu zai nema ko da ƙafarsa ta gaji. Ta haka gaggawarmu take kashe yaran da muke cewa a kawo.

Na uku, takarda. A nan muke kira ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, musamman waɗanda ke ma'aikatun wasanni da na kuɗi, da ɗaliban shari'a da na akanta da za su bi sahunsu. A dokar hukumar ƙwallo ta duniya, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Wannan haƙƙi ba ya zuwa sai ga wanda ya yi wa yaro rajista, ya ajiye takardunsa, ya kuma san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Kwantaragi a rubuce, albashi a kan kari, lissafin kuɗin ƙofa a fili, waɗannan ba su sa a yi sowa, amma su ne harsashi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Kada wani ya ce ai Pillars ta fi ƙarfin mutuwa. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978, yau sai dattawa ke tuna ta. Ranchers Bees ta Kaduna, inda Daniel Amokachi ya fara suna, ta kai wasan ƙarshe na gasar masu kofin ƙalubale ta Afirka a 1988, daga baya ta yi shekaru masu yawa ba a jin ɗuriyarta a babbar gasa. Su ma a zamaninsu filinsu cika yake yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai da su zama na gaba wajen wannan gyara. Wanda ya hau mota a Kwangila domin zuwa kallon wasa, ya san cewa sunan makarantarsa da na garinsa yake ɗauke da shi. In ya ga na kusa da shi ya sunkuya zai ɗauki dutse, ya riƙe hannunsa, domin mutum ɗaya ke fara jifa, kuma mutum ɗaya ke iya hana shi. Ƙungiyoyin magoya baya su yi rajistar membobinsu, su fitar da masu tarzoma daga cikinsu tun hukuma ba ta fitar da kulob daga gari ba. Mu sayi tikiti maimakon haura katanga. Mu soki shugabanni in sun yi ba daidai ba, amma da alƙalami da hujja, shafukan wannan mujalla kuwa a buɗe suke ga duk mai son yin haka. Rabin kuɗin da muke kashewa a kan rigunan kulob-kulob na Turai, da za mu sayi rigar ruwan ɗorawa da kore da shi, da an ga bambanci.

Ba mu yi wa kowa alkawarin kofi a baɗi ba, kuma duk wanda ya yi irin wannan alkawari a yi hattara da shi. Abin da muke fata shi ne a ga kaka ɗaya cikakkiya da aka buga wasa 19 a Ƙofar Mata ba tare da an rufe fili ba, a ga yara uku ko huɗu sun samu gurbi, a ga koci ɗaya ya fara kaka ya kuma ƙare ta. In an sami wannan sau biyu ko uku a jere, kofi zai zo da ƙafarsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya kuma maido wa Masu Gida martabarsu, amin.

Edita