Faifan farko na Mdou Moctar a Sakkwato aka ɗauke shi

Masu son kiɗan jita na bayan fage, irin wanda manyan kamfanoni ba su cika waiwaya ba, kowa na da faifan farko na wani mawaƙi da yake ji da shi kamar ɗan fari. A Amurka da yawa za su ce Bleach ne, wanda Nirvana suka fitar a 1989 a ƙaramin kamfanin Sub Pop na Siyatil, an kuma ɗauke shi a kan dala 600 da 'yan kai. Ni nawa Anar ne, na Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu.

A 2008 ya ɗauke shi, kuma a Sakkwato. Duk wanda ya saurara zai ji hannun masu situdiyonmu: muryar da aka ratsa da na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ganga ta kwamfuta, waƙa kuwa da Tamashek. A lokacin ba a kai shi kasuwa ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth da katin memori, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsinci waƙar Tahoultine ta cikin faifan, ya sa ta cikin tarin da ya fitar na waƙoƙin wayoyin Sahara. Yau Mdou na tare da kamfanin Matador na Amurka, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021.

Na taɓa tsayawa a wani bikin aure a Agadas inda samari ke kaɗa irin wannan jita. Janareto na ruri, lasifika na ƙara, ƙura ta turnuƙe, mata na guɗa, waƙa ɗaya sai ta miƙe har makaɗi ya jiƙe sharkaf. Faifan da aka goge aka gyara a Turai ba ya kawo mini wannan daren. Anar yana kawo shi, duk da babu taron jama'a a cikinsa, domin shi ma don mutanen gida aka yi shi, da kayan da ke hannu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, matasan Landan sun san Mdou, amma a Sakkwato da Kano da wuya ka ji gidan rediyo ya sa waƙarsa ko sau ɗaya.